Ku Sauke Ni a Nan

...kuma ai hannunsa ta riƙe. Hannun nan dai. Ta juya shi, ta daddanna bayansa tana neman jijiya, har da yin tsaki don fatar ta yi kaushi, amma ba ta gane ba. Yaya za a yi mutum ya riƙe hannun da ya koya masa riƙon allura, kuma ya kasa gane shi?

Tana tsugune a bayan motar ɗaukar marasa lafiya, a harabar asibiti, rana tsaka, ƙofofin baya a wangale. Bokiti a gefenta, tsumma a hannu. Ƙa'ida ce, in an sauke mara lafiya sai an wanke mota kafin a amsa wani kiran. To ga ta tana wankewa. Sai dai garin siminti ba jini ba ne. Jini ta san shi, ta san amai, ta san duk abin da jikin ɗan Adam ke zubarwa in ya ji wuya. Wannan kuwa tana sa masa ruwa yana zama laka, tana gogewa yana bin tsumman, ya shige ramukan ƙasan motar ya zauna daram. Siminti... a motarsu... daga jikin Kawu.

Kawu fa! Kawun da kowa a tasharsu ke kira Kawu, har manaja. Abokin aikinta tun ranar da ta fara, shi ya laƙaba mata Auta, kuma har yau Auta take ko da 'yarta ta kusa kamo ta a tsawo. Da safen nan ya sauka daga aiki, ya miƙa wa Dogo direba mukullin mota, ya yi miƙa har ƙashin bayansa ya yi ƙara. Wai zai je ya yi barci, duk wanda ya tashe shi bai yafe ba. Ta yi dariya. Wallahi ta yi dariya, har ta ce a gaida mutanen gida.

An ce wani ɗan dako ya yanke jiki ya faɗi a siton siminti — iyakar abin da rediyon oba-oba ta faɗa ke nan. Kira irin na kullum. Tirela a tsaye, buhuna an sauke rabi, 'yan dako sun yi da'ira suna masa fifita da kwali. "Tsoho ne, Tsoho ne ya faɗi," haka suke ta cewa. Tsoho. Su ma ba su san ko wane ne ba. Mutum kwance ya yi buɗu-buɗu tun daga gashi har tafin ƙafa, tsumma ɗaure a hanci da baki, singileti ya jiƙe ya manne. Ta durƙusa. Yatsu biyu a wuya — yana bugawa, amma a gigice. Almakashi, ta keta singiletin. Ta goge ƙirji, ta manna wayoyin awon zuciya. Ta ja tsumman ƙasa ta kifa robar iska a wurinsa, idonta na kan na'ura. Ta ɗaga fatar ido ta haska... ƙwayar idon kawai ta haska. Ƙwayar kawai.

To laifin wa? Ba shi ya koya mata ba? Makonta na farko, bayan wani yaro da mota ta take, ta kwana ba ta iya haɗiye ko ruwa, washegari ya zaunar da ita a kan wannan matakalar ta bayan mota. Ƙirji za ki kalla, Auta, da wuya, da farce. Fuska ta dangi ce. In kika kalli fuska, har gida za ta bi ki. Ta riƙe wannan magana gam, ta iya ta fiye da kowa. Ta ɗauki mutanen da ba ta san adadinsu ba, in ta gamu da su a kasuwa gobe ba za ta shaida ko ɗaya ba. Ta zama gwana. Ka ga gwanintar ke nan, Kawu — ta ɗora ka a gado, ta ɗaure ka, ita da Dogo suka cicciɓe ka suka tura cikin motarka, kuma babu wanda ya dubi fuskarka.

Ruwan bokitin ya zama toka-toka. Ya kamata ta canza. Ba ta tashi ba.

Sai da mota ta hau titi, jiniya na kuka, ita tana fama da bayan hannun nan mai kaushi, allura ta ƙi shiga... sai murya daga cikin robar iska, a shaƙe: "Kin yi gefe, Auta. Kwantar da allurar."

Innalillahi. Ba ta yi ihu ba. Abin mamakin ma, kwantar da allurar ta yi, kuma ta shiga. Hannu ya yi biyayya kafin kai ya gane. Sannan ta ɗago. Idanun Kawu a cikin farar fuskar wani tsoho da ba ta sani ba. Ba ita yake kallo ba, rufin motar yake kallo, daidai tsagar nan da shi ya liƙe da filasta bara don kamfani ya ce babu kuɗin gyara. Bai taɓa ganinta daga kwance ba.

Tun yaushe? Tun yaushe yake zuwa can? Tarin nan da ya ƙi ƙarewa, wai sanyin mota ne. Farcen nan masu baƙin ƙasa a gefe, wai katangar gidansa yake gyarawa. Wace irin katanga ce wannan da ba ta ƙarewa? Gyangyaɗin da yake yi a bakin asibiti in suna jiran a karɓi mara lafiya, jiran da ba a biyansu ko kwabo a kansa, tana tsokanarsa wai tsufa ya kama shi. Ita da aikinta lura ne! Ita da ke shiga ɗakin baƙo ta gane yana shan maganin hawan jini daga kwalin da ke kan taga. Mutum na zaune kafaɗa da kafaɗa da ita, yana sauka daga ɗaukar mutane ya tafi ɗaukar buhu, ba ta gani ba. Ko dai ta gani ta kau da kai? Don in ta tambaya, me za ta ba shi? Ita ma turare da mayafai take tallatawa a waya tsakanin kira da kira. Dogo yana haya da motar ƙaninsa. Kowa a tashar nan yana da abin da yake yi a ɓoye, kowa ya san na kowa, ba a dai faɗa ne. Amma dako, Kawu? Da furfurarka?

Cikin motar, Kawu ya janye robar daga bakinsa. Dogo, kashe jiniyar nan. Dogo ya waigo ta 'yar tagar tsakiya, motar ta yi wani kwana har kwalaben ruwa suka zubo. Ya kashe. Shiru ya cika motar, irin shirun da ba ta taɓa ji a cikinta ba. Sai ƙarar na'ura kawai.

Nuna min takardar zuciyar.

Da ta ƙi. Da ta ce na'urar ta lalace — ai tana lalacewa kullum, wa zai musa? Amma ta yago siririyar takardar ta miƙa masa, don shekara da shekaru in ya ce miƙo, miƙawa take. Ya nisanta ta da idonsa, tabaransa yana gida. Ya ga layin ya yi tudu inda bai kamata ya yi ba. Jijiyar zuciya ta toshe, ko ɗalibi ya gani ya sani. Ya gyaɗa kai, kamar takardar wani ce. Ya ce na gani. Ya ce ku sauke ni a nan.

A nan... a gefen titi, gaban masu facin taya.

Ya san abin da yake faɗa, shi ne abin da ke cin ta. Wa ya fi shi sani? Su ne ke yi wa kamfani alama a kan duk abin da aka taɓa — nisan tafiya, iskar da aka shaƙa, allura, safar hannu, har filasta. Su suke ganin fuskar dangi in aka miƙa musu lissafi... a'a, ba sa kallon fuska, amma suna jin shirun. Kuma mai irin wannan ciwo asibiti ɗaya ake kai shi, mai na'urar buɗe jijiya, wanda ko ƙofarsa ka jingina da ita sai ka biya. Su kuwa 'yan kwantiragi ne. Inshorar lafiya? Ana dubawa. Tun tana goyo ake dubawa. Bara aka tara su a zaure, aka raba musu takardun yabo masu zanen zinariya a gefe, manaja ya kira su jarumai, aka yi hoto. A watan nan ne aka yanke wa Kawu a albashi kuɗin madubin motar da wani mai babur ya fasa. Shi ya fi kowa dariya. Yakan daki jikin motar ya ce, wannan ba ta irinmu ba ce, mu gaba muke zama. Su yi ta ƙyaƙyatawa. Ashe ba wasa yake ba, ashe doka ce ya kafa wa kansa.

Oba-oba tana ƙara a ƙugunta. Lambar motarsu ake kira. Kun gama? Kun shirya? Ba ta taɓa ta ba. Dogo yana can zaune a kan dakalin masu gadi, kansa a tsakanin gwiwoyi, bai motsa ba shi ma.

Kuma akwai ƙa'ida. Mai hankalinsa, in ya ce ba ya so, ba a ɗaukarsa dole. Ko yana mutuwa. Sai dai a gwada shi da tambayoyi, in ya amsa daidai, shi ke nan, jikinsa ne. Bai ma bari ta tambaya ba. Ya kama hannun rigarta da yatsun nan farare, ya fara jerowa, numfashi na yankewa — sunansa cikakke, har na kakansa. Ranar yau. Titin da suke kai, da asibitin da suka nufa. An bayyana min zan iya mutuwa, na fahimta, na ƙi. Kalma bayan kalma, yadda ya koya mata a karɓa daga bakin mara lafiya. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ba ta taɓa jin wanda ya amsa da kyau haka ba. Zufa na wanke masa simintin fuska layi-layi, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana cin jarrabawar barin duniya da maki cikakke.

Zan hau tasi in je gida, in sha magani in kwanta. Yara uku a makaranta, Auta. Gidan ma ba nawa ba ne.

Me ake cewa? A littafin horo babu shafin nan. Ta ce Kawu don Allah. Ta ce don girman Allah. Ya ce buɗe ƙofa.

Sai ta ga hannunta ya ɗauki oba-oba. Ita ce ta ɗauka? Ita ce. Ta danna, da muryar aiki, muryar nan maras ɗumi da shi ya koya mata: mara lafiya namiji, dattijo, ciwon zuciya, ba ya cikin hayyacinsa, yana sambatu, muna ci gaba da tafiya. A gabansa. Yana ji. Ta ja bel ɗin ƙirji ta ƙara matsewa, ta ja na hannu, wanda ake sa wa masu fisge-fisge, mashaya da waɗanda kansu ya bugu. Ta sa wa Kawu. Bai yi kokawa ba, ina ƙarfin yake? Dogo bai jira a ce masa komai ba, ya kunna jiniya ya take mota.

Sambatu. Ta ce Kawu yana sambatu, kuma an naɗa, yana can cikin na'urar ofis har abada.

Ya juya fuskarsa ga bangon motar. Yau da take son kallon fuska, an juya mata ƙeya. Ta mayar masa da robar iska, ya bari. Ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ya buɗe baki kamar yaro. Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi. Da ya ce Allah ya isa, da ta san inda za ta ajiye ta.

Tsumman ya tsage a hannunta, bakin ƙarfen gadon ya kama shi. Wannan ma za a rubuta, wataƙila a yanke. Ta tsinci kanta tana dariya, wata irin dariya marar sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta dube ta, ta ƙara sauri.

Da a nan abin ya tsaya ma... A ɗakin gaggawa likita ta tare su, tana tafiya tana karanta takardar zuciyar. An ce ba ya cikin hayyacinsa? Ta sunkuya a kansa. Baba, ka san yau wace rana ce? Kalma ɗaya ta ishe shi. In ya faɗi ranar daidai, ya ce na ƙi sun kawo ni dole, shi ke nan — a kwance shi, a sallame shi, Auta kuma a karɓe katin aikinta. Ɗaukar mai hankali da ƙarfi, da ƙarya a oba-oba? Ko sallama ba za a bari ta yi ba. Ya sani. Shi ya zauna a kwamitin da ya kori wani a kan abin da bai kai wannan ba.

Ya juyo. Ya dubi Auta, tsakiyar ido, ya daɗe.

Ya faɗi wata rana daban. Ya ƙara da cewa a kasuwa yake.

Likita ta gyaɗa kai, aka tura shi ciki, ƙofa ta rufe. Shi ke nan. Ya sa wa iyalinsa hannu a kan bashin da ya gwammace ya mutu a gefen titi da ya ɗauka, don kada a kori Auta. Ko don me? Ko ya ji tsoro ne a ƙarshe, ya ga yana son rai? Allah ya sa haka ne. Allah ya sa tsoro ne, Kawu, don in saboda ita ne, ba ta san inda za ta kai wannan kaya ba. Ta cece shi ne ko ta kashe gidansa? In ya tashi, ba zai ƙara ɗaga gado ba, balle buhu. Kamfani ba ya ajiye mai ciwon zuciya, kwantiragi ne, sai dai kawai a ƙi sabuntawa, ba wanda zai ce an kore shi. In kuma bai tashi ba, lissafin yana nan, ba ya bin gawa kabari, gida yake zuwa. Ta ko'ina... ta ko'ina dai matarsa ce za ta buɗe ƙofa ta karɓa.

Amma da ta buɗe masa ƙofar fa? Ya sauka gaban masu faci, ya yi taku nawa? Su wuce, a sake kiransu bayan an jima, wani dattijo ya faɗi a bakin titi, ba ya numfashi. Ta zo ta danna ƙirjin nan har haƙarƙari ya karye a ƙarƙashin tafinta. A'a. A'a, ko yanzu aka mayar da ita cikin motar, ƙaryar za ta sake yi. To me ya sa take jin kamar ta yi sata?

Oba-oba kuma. Akwai mai naƙuda, babu wata mota a kusa. Kullum babu wata mota a kusa. Ta kai hannu... ta tsaya.

Wata mata ce ke ratso harabar, mayafi a karkace, tana rabin gudu. Matar Kawu. Dogo ne ya kira ta, tabbas. Ta nufi ƙofar gaggawa, sai ta hango motar, ta ci burki. Ta karkato. Tana zuwa a hankali yanzu, tana kallon ƙofofin nan a wangale, da gadon da ba a shimfiɗa wa sabon zane ba, da ketaccen singileti a cikin kwandon shara, da lakar siminti da ke ɗiga daga matakala. Ba ta yi mamakin simintin ba. Ita ce mai wanki, ai ta sani.

Auta ta miƙe. Yana da rai, Inna, suna buɗe masa jijiyar — abin da ta shirya faɗa ke nan, yana kan harshenta.

"A cikin wannan kuka kawo shi?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Bai hana ku ba?" Muryar ba faɗa a cikinta, tambaya ce kawai. "Ya sha gaya min. Ya ce ko mutuwa kika ga ina yi, kada ki kira su, ki nemi tasi."

Kada ki kira su. Su. Wato mu...

Ta san maganar nan. Ba daga bakin Kawu ta san ta ba. A bakin famfo ne, wata safiya, tana ɗauraye kwanuka jiri ya ɗebe ta ta dafa bango, 'yarta ta zaburo da waya a hannu, Umma in kira motarku? Ta ce ke, rufa min asiri, ko faɗuwa kika ga na yi kada ki kira mu, ki tare tasi. Da wasa ta faɗa, tana dariya. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta gyaɗa kai ne, a hankali, ta mayar da wayar aljihu... ta riƙe. Ta riƙe maganar. Tana can gida yanzu da ita a ranta, tana jiran ranar.

Matar Kawu tana tsaye tana jiran amsa. Oba-oba tana ta kiran lambarsu, mai naƙudar ta fara zubar da jini, kun shirya, ku amsa, kun shirya? Ruwan toka na bin hannunta yana gangarawa cikin hannun riga. Ta danna maɓallin. Yana danne a ƙarƙashin yatsanta, layin a buɗe, can ofis suna jin numfashinta... kuma ta rasa wa za ta fara amsa wa.